Loveth Ba Ta Iya Ruwa Ba

A Wara ba a tambayar yaro ko ya iya ruwa. Fatsuma mai bandar kifi a bakin tafkin garin aka haife ta, ita kanta ba za ta iya ce maka ga ranar da ta koya ba. 'Yarta Khaulat tun tana tatata take bin ƙawaye cikin ruwa, sai an yi da gaske take fitowa cin abinci.

Lydia kuwa mutuniyar kan dutse ce. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyensu ana tsakar girbi, mijinta ya shiga daji bai dawo ba, ta iso Wara da 'yarta Loveth da tukunya ɗaya. Fatsuma ce ta ba su rumfar da ke bayan murhun banda. Lydia tana taya ta gyaran kifi da neman itace, ana ci tare. Fatsuma ba ta da rowa, wannan kowa ya shaida. Illarta dai bakinta ya fi hankalinta sauri, ga son aike kamar me.

Ran nan da hantsi wutar banda ta kama, kifi bai iso ba. Jirgin Musa, mijin Fatsuma, ya tsaya nesa da gaɓa, ciyawa ta hana shi matsowa. In haka ta faru, yara ne ke kutsawa da daro su ɗebo kifin. Khaulat tana makaranta, Lydia ta tafi itace, sai Loveth zaune tana korar ƙudaje.

"Ke Loveth, ɗauki daron ga ki tarbo Baba Musa. Maza, icce na ƙonewa banza."

Yarinyar ta dubi ruwa, ta dubi Fatsuma.  Fatsuma ta ga kallon nan sarai, ta ɗauka ƙiwa ce, har ta ƙara mata da tsawa.

Tsakanin gaɓa da inda jirage ke tsayawa akwai wani tsohon kwari da tafki ya haɗiye. Kowane ɗan Wara ya san shi. In ƙasa ta ɓace masa sai ya tura daro gaba, ya buga ƙafa, ya wuce. Loveth ta taka, babu ƙasa. Musa ne ya hangi daro yana yawo shi kaɗai. Ya faɗa ruwa, ya lalubo ta da kitsonta, ya kifa ta a gefen jirgi yana danna mata baya har ta amayar da ruwan da ta sha.

Lydia ta dawo da dammin itace a ka, ta tarar da mutane sun yi da'ira, 'yarta a tsakiya tana kakkarwa. Musa sai faɗa yake yi, yana tambayar wane sakarai ne ya bar ɗiyar da ba ta iya ruwa ba ta shiga tafki.

"Wa ya kai ki ruwa?" in ji Lydia.

Loveth ta sunkuyar da kai. Lydia ta zaro tsumagiya daga dammin, ta hau dukanta a gaban kowa, tana duka tana kuka. Mata suna ba ta haƙuri, wata tana cewa 'ya'yan baƙi ba su jin magana. Fatsuma tana tsaye da wuƙar kifi a hannu. Bakin nan da ba ya hutawa, ranar ya mutu murus. Tsoron Musa take ji, da kunyar idon mutane, ta tsaya tana kallo ana dukan yarinya kan laifinta.

Kifin ranar ya ƙone, ko a jikinta.  Da safe ta ga Loveth tana shara, shatin tsumagiya kwance a ƙwaurinta, sai ta ji ta tsani kanta. Ta wuce rumfa, ta tarar da Lydia tana tsince wake, ta durƙusa kusa da ita.

"Maman Loveth, ni na aike ta jiya. Wallahi ban san ba ta iya ruwa ba, kuma ban tambaya ba. Ni ya kamata ki yi ma hwaɗa."

Lydia ba ta ɗago kai ba.

"Na sani, Inna. Ɗiyata ba ta matsawa kusa da ruwa sai an sa ta. Ni na ce mata duk abin da kinka ce ta yi, kada ta yi musu."

"Kin sani, kuma kinka duke ta?"

"To wa zan duka? In na yi faɗa da ke, ina za mu kwana?"

 Fatsuma tana nan durƙushe Loveth ta shigo, ta jingine tsintsiya, ta russuna.

"Inna, ina kwana. Akwai aike?"