Ƙodar da Ɗanlami Ya Kawo

Duk wanda ya yanki riɗi a gonakin Ƙala'at an-Nahal a ƙasar Sudan, a shekarun mulkin Inƙazi, ya san Ɗanlami, ko bai ga fuskarsa ba ya ji bakinsa. Shi ne shugaban 'yan ƙwadago. Riɗi ba ya jira, in ya bushe ya fashe an tafka asara, don haka a wurin Ɗanlami mai yawan zuwa tulu rago ne, mai yawan zagayawa kuwa ƙanin rago. Shi kansa tun asuba ba ya kurɓar ruwa sai la'asar. In baya ya ƙage, a jefa ƙwaya biyu a shayi a ci gaba. Haka ya horar da ƙaninsa Nasir.

To, Nasir ɗin ne yanzu ake yi wa wankin ƙoda sau biyu a mako a Gadarif. Da aka ce sai dashe, Ɗanlami ko shawara bai yi da kowa ba. Ya bugi ƙirji ya ce a cire tasa, ai biyu Allah ya ba shi, kuma shi bai taɓa kwana a gadon asibiti ba.

Ranar karɓar sakamakon gwaji da jallabiyar Juma'a ya zo, sai ka ce ango. Likitar, Diktora Huda, ta daɗe tana kallon takardar.

"Ya Hajj, zauna. Tun yaushe ƙafafunka ke kumbura?"

Ya yi dariya. "Ƙiba ce, Diktora. An sha kaka."

"Ba ƙiba ba ce. Jininka ya hau, ya daɗe da hawa. Ƙodojinka biyu in an haɗa ba su kai rabin lafiyayya ɗaya ba."

"La haula! Wallahi ba inda ke mini ciwo!"

"Haka take, ba ta magana sai ta kusa ƙarewa. Rana, ƙishirwa, ƙwayoyin ciwo, hawan jinin da ba a auna ba. Su suka ci ta Nasir, su ke cin taka."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ɗanlami ya kaɗu ƙwarai. Tsoron mutuwa ma bai iso ba tukuna. Abin da ya fara dukansa shi ne, da bakinsa ya riƙa hana ƙaninsa ruwa.

Ya ja ƙafa zuwa ɗakin wankin ƙoda. Nasir na kwance, robobi biyu a hannunsa, inji na juya jininsa. Yana hango yayansa ya washe baki.

"Yaya! Tamam, komai ya yi daidai? Na ce wa matata Sakinatu ta haɗa mana jakar tafiya Khartum wurin dashen."

Ɗanlami ya matso. Gadon da ke kusa da na Nasir babu kowa. Ya zauna a bakinsa.

"Yaya, me Diktora ta ce?"

"Ka ce wa Sakinatu ta kwance jakar," in ji Ɗanlami. "Ni ma nan zan dawo."