Karon Ƙofa da Yako

A kakar shekarar 1955, bayan an gama roron gyaɗa, garuruwan kudancin Kano suka shirya kokawa kamar yadda suka saba. Samarin Ƙofa suka kayar da na Bebeji, suka je Tudun Wada suka dawo da nasara. Mutanen Yako kuma suka gama da Kiru da Doguwa. Sai ya rage su biyu. Aka sa ranar karo a filin Kwanar Ɗangora, ranar kasuwa, don kowa ya samu zuwa.

Kowane gari zai zo da mazajensa, amma karon ƙarshe shi ne magana, domin wanda ya yi kaye a nan garinsu ne zai tafi da rago. Kaka biyu a jere Yako ce ke tafiya da shi, kuma duk da hannun mutum ɗaya, Hamman, wani dogon Bafulatani da ya bar kiwo ya zauna a can yana noma. A Ƙofa babu zancen da ake yi sai nasa. A mahauta ana cewa ya yi ƙiba, numfashinsa ya ragu. Waɗanda suka gan shi a Doguwa kuwa sun ce ya ɗaga gwanin garin kamar damin gero.

Wanda zai zaɓi mai tarar Hamman shi ne Maikuɗi, Sarkin Kokawar Ƙofa, tsohon gwani da ciwon gwiwa ya zaunar. Mutum biyu gare shi. Na farko ɗansa Inuwa, saurayi mai zafin nama. Na biyu Gwadabe, mutumin Doguwa, wanda ya zo ƙodago wata damina ya yi aiki a gonar Maikuɗi, bai koma ba. Maikuɗi ne ya kai shi fage ya koya masa kamu da taɗiya, har ya zamana babu mai kai shi ƙasa a garin. Inuwa ma bai taɓa kayar da shi ba. Gwadabe ne ya yi karon ƙarshe a Bebeji da Tudun Wada.

Wata rana bayan la'asar Idi Sarkin Samari ya zo ƙofar gidan Maikuɗi tare da wasu dattawa. Da aka gama gaisawa Idi ya ce, "Sarki, makaɗan Yako sun fara waƙa, wai Ƙofa ba ta da maza sai na aro."

"Hamman ma ba a Yako aka yanke masa cibiya ba," in ji Maikuɗi.

"Shi ya yi aure a can, yana da gona. Gwadabe fa? In ya yi kaye za a ce Doguwa ce ta ci. Ga ɗanka nan, jinin gidan kokawa."

Maikuɗi ya san hujjar ba ta da ƙarfi. Da ya ce a'a, babu mai ja da shi. Amma tun Inuwa yana ƙarami yake son ya ji makaɗa sun haɗa sunansa da na ɗansa a babban fage. Ya ce zai yi tunani.

Matarsa Kulsum ta ji komai daga cikin gida. Da ta kawo masa tuwo ta ce, "Malam, ni na haifi Inuwa, amma ka san wanda ya fi. Yaron nan Gwadabe, kakar nan yake jira tun bara."

"Inuwa ma yana jira."

"Inuwa yana da gida, yana da uba. Shi wancan me yake da shi a garin nan in ba fagen ba?"

Maikuɗi ya jawo kwanon tuwon gabansa.

Washegari ya tarar da Gwadabe a bakin rumbu yana jera dawa. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa masa cewa Inuwa ne zai tari Hamman, shi kuma zai yi karo na biyun ƙarshe. Gwadabe ya ajiye damin da ke hannunsa.

"Baba, na yi wani laifi ne?"

"Ba ka yi ba. Dattawa ne suke ganin ya kamata a sa ɗan gari."

Gwadabe ya dube shi. Can ya ce, "Na ɗauka na zama ɗan gari." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Bai yi fushi a fili ba. Kullum da yamma shi ne ke shiga fage da Inuwa, yana kwaikwayon tsayuwar Hamman, yana miƙo dogon hannu yadda Bafulatanin ke yi. Ya taɓa kallon Hamman a Kiru, ya lura in zai ɗaga mutum sai ya ɗora nauyinsa duka a ƙafar hagu. Ya sa Inuwa ya yi ta maimaita shiga ta nan har ya kama. Maikuɗi yana zaune a kan turmi yana kallo.

Ranar karo, tun da hantsi hanyar Kwanar Ɗangora ta cika da mutane, wasu a kan jakuna, wasu a kekuna, yawanci a ƙafa. Kalangu na tashi daga ɓangarorin biyu. Maikuɗi yana duba mazajensa sai ya ga babu Gwadabe. Aka ce an gan shi wajen da motoci ke tsayawa. Ya ɗingisa ya je, ya same shi da ƙullin kayansa kusa da wata babbar mota mai zuwa Riruwai, inda ake haƙar kuza.

"Ina za ka, Gwadabe?"

"Wani ɗan garinmu ya ce ana ɗaukar ma'aikata. Na gama jera dawar, na gyara dangar baya. Ku yafe mini, Baba."

"Ka bari a gama karon mana."

"In na tsaya zan ji zafin abin, kuma ba na so in ji haushin Inuwa. Ɗan'uwana ne."

Har a lokacin ba a kira sunaye ba. Maikuɗi yana iya cewa ya sauke kayan, ya ɗaura warki, shi zai shiga. Ya juya ya hango Inuwa a tsakiyar samari ana ɗaura masa layu a damtse, fuskarsa cike da murna. Sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Gwadabe ya durƙusa ya yi masa sallama, ya hau.

Karon bai daɗe ba. Hamman ya miƙo hannu, ya kama ƙugun Inuwa zai ɗaga, Inuwa ya shiga ta hagu ya taɗe shi, dogon ya dafa ƙasa da hannu biyu. Fili ya ruɗe. Samari suka ɗauki Inuwa a kafaɗa, makaɗa suna kiran sunansa da na ubansa. Aka ja rago zuwa Ƙofa. Duk wanda ya zo yi wa Maikuɗi barka sai ya ce lallai Sarki ya iya zaɓe. Yana amsawa da godiya, amma naman ragon ko taɓawa bai yi ba.

Da kaka ta zagayo Maikuɗi ya hau mota ya tafi Riruwai da niyyar dawo da Gwadabe. Ya sami Gwadabe a bakin wani rami, jikinsa duk jar laka, ya rame, yana tafiya a karkace. Ƙasa ce ta zabtaro masa a kafaɗa da damina, ƙashin ya haɗe ba daidai ba. Ya yi murna da ganin Maikuɗi, ya kai shi ɗakinsa, ya sayo masa fura. Ya tambayi Kulsum, ya tambayi yadda Inuwa ya yi kayen, ya sa aka ba shi labarin dalla-dalla yana dariya.

Maikuɗi ya ce, "Na zo ne in ce bana kai za ka shiga."

Gwadabe ya gwada ɗaga hannun damansa, bai wuce kafaɗa ba. "Ka gani, Baba. Sai dai kallo."

"To ka zo ka yi kallon. Ɗakinka yana nan."

"An yi mini maganar aure a nan. Wataƙila wata shekarar."

Bai zo ba. Inuwa ya ƙara cin rago sau ɗaya, daga baya ya bar kokawa ya kama fataucin gyaɗa. Maikuɗi ya riƙe sarautar wasu 'yan shekaru, sannan ya miƙa wa Idi. In baƙi suka tambaye shi wane ne gwanin da ya fi kowa a cikin waɗanda ya koyar, sai ya ce wani mutumin Doguwa ne, ba su san shi ba.