Kwalbar Man Shanun Inna

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni ya dire a tashar motar wani babban birni, da kwalbar man shanu a hannuna. Kwalbar dai ta gaske ce. Ƙanwata Lantana ta yi haihuwar fari a birni, Inna kuwa ƙafa ta hana ta tafiya, sai ta kaɗa nono da hannunta, ta soya man, ta ɗura a kwalba, ta toshe bakin da totuwar masara. Ta ce mini, "Tanimu, tunda ba zan je ba, wannan ne zuwana. Ko ɗigo kada ya zube."

A tashar, awaki ne 'yan kamasho. Shugabansu wani bunsuru ne mai tabarau, yana zaune a kan benci yana tauna tikitin fasinjoji. Ana ruwan sama, amma daga ƙasa yake tasowa, yana shiga ta ƙafar wandona ya fita ta wuyan riga. Mutane duk sun shimfiɗa lemarsu a ƙasa sun tsaya a kai.

Na yi sallama, na ce ina neman gidan da ke bayan gidan mai, kusa da bishiyar mangwaro.

Bunsurun ya ce, "Gidan man ya tafi kasuwa, sai la'asar. Mene ne a kwalbar?"

"Man shanu, ranka ya daɗe."

"To danne totuwar da babban yatsa. A garin nan komai sama yake zubewa."

Na danne. Nan take na ji man yana turo yatsana daga ciki.

Sai ga ni a cikin bas, mu shida a kujerar mutum uku, gwiwar wani a haƙarƙarina. Kwandastan ƙadangare ne, ya maƙale a ƙofa yana gyaɗa kai. A nan da gaisuwa ake biyan mota. Na ji kowa na cewa "sannu" a gajarce yana kau da kai. Ni kuwa ɗan ƙauye, da aka zo kaina sai na saki baki: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya damina, yaya masu jiki, yaya muka ji da haƙurin rashin da aka yi bara.

Ƙadangaren ya dafe kai. "Haba Malam! Da sassafe za ka ba ni wannan babbar gaisuwa? Ina na ga canji?"

Ya waiga ya ga wata tsohuwa a gefena, ita ma ta zuba masa irin tawa har da tambayar kaji. Sai ya kama gefen rigata ya ƙulle da bakin mayafinta, ya ce, "Na haɗa ku. Ku je ku raba canjinku a waje."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ga sauri ina yi, ga yatsa ya fara tsami, ga shi an ɗaura mini tsohuwa mai tafiyar hawainiya, da wani ƙaton kwanon sha a ka wanda babu komai a cikinsa. Ta ce sunanta Iya Kande.

"Ɗan nan, ina za ka?"

"Bayan gidan mai, Iya."

"Ni ma ba wani wuri za ni ba. Mu je."

Sai ga mu a layin gidan wanka, don fitsari ya matse ni tun a mota. Layin nan da baya yake tafiya, duk wanda ya zo ƙarshe shi ne ke shiga. Na yi ta tsayuwa ina nisa da ƙofar. Iya Kande ta ja ni muka fita daga layin, muka dawo kamar yanzu muka zo, sai mai gidan wankan, wata agwagwa da tawul a kafaɗa, ta ce bismilla. Na tsaya ina duban kwalba ina duban buta. Hannu ɗaya ba ya kama ruwa ya kuma danne totuwa.

"Kawo nan," in ji Iya.

"Iya, ta mahaifiyata ce."

"Ni na ce maka ta kwandasta ce? Kawo."

Ta ɗora yatsanta a kan nawa, na zare a hankali. Rigata ta yi ta miƙewa har cikin banɗaki ba tare da ƙullin ya kwance ba. Da na fito na same ta tana yi wa kwalbar waƙar reno. Wallahi kunya ta kama ni kan abin da na raya a zuciyata game da ita.

Na ce bari in kira Lantana. Wayata ta ce yunwa take ji. Wani mai shayi ya tsoma ta a kofi, ta sha ta ƙoshi, ya ƙi karɓar ko sannu. Na kira, aka ce muryar Lantana ta taso amma ta maƙale a cunkoson motoci, in yi haƙuri.

Sai ga mu a kan gadar masu tafiya a ƙasa, mutane na ta wucewa, ba mai kallon wani. A nan yatsana ya mutu murus. Ban ma ji lokacin da ya zame ba. Totuwar ta yi tsalle, man Inna ya fara tashi sama, siriri, rawaya, yana ƙamshi.

Na kurma ihu. "Wayyo Allah, Inna! Jama'a, zuwan Inna ne ke zubewa!"

Iya Kande ta sauke kwanonta ta kife shi a saman kwalbar, ya tare na farko. Wanda ya kauce mata, wata mai sayar da awara ta kife murfin tukunya ta tare. Wani ɗan acaɓa ya cire hular kwano ya miƙa sama. Wani mai kwat da jakar ofis ya hau kafaɗar mai gyaran takalmi ya kamo ɗigon da ya yi nisa da tafin hannunsa. Ba wanda ya tambaye ni daga ina nake. Suka yi layi, wannan karon gaba yake tafiya, kowa ya mayar da nasa cikin kwalba, har ta cika zuwa wuya. Na buɗe baki in yi godiya, sai mai awarar ta ce, "Riƙe abarka, Malam, ba mu da canji."

Na tsaya a kan gadar ina kuka kamar yaro, hawayen na tashi sama.

La'asar na yi gidan man ya dawo daga kasuwa, bishiyar mangwaron na biye da shi, gidan su Lantana a bayansu. Ta leƙo ta taga da jaririn a kafaɗa, ta shaƙi iska, ta ce, "Yaya Tanimu, Inna ta zo?" Na ɗaga kwalbar zan miƙa mata.

Gwaf! Gwaf! Gwaf!

Na farka. Kwandastan motar daren da na shigo ne ke dukan jikin mota yana cewa an iso, kowa ya duba kayansa. Gari ya waye, muna cikin tasha, wuyana ya sage. Na kai hannu tsakanin gwiwoyina inda na matse kwalbar tun daga gida. Wayam. Na fara lalube ƙarƙashin kujera ina salati.

"Ga ta nan, ɗana."

Dattijon da ke kusa da ni ne, wanda tun da muka taso ba mu ce wa juna komai ba bayan sallama. Ya rungume kwalbar a ƙirji, babban yatsansa a kan totuwar, gaban rigarsa da ɗan maiƙo, idanunsa jajur.

Ya ce, "Barci na ɗaukarka ka sake ta, ga hanya duk ramuka. Na ga ka gaji, ban tashe ka ba."

"Baba, haka kuka kwana riƙe da ita?"

"Ina ganin toshin na san aikin tsohuwa ne. Tawa ma haka take yi mini, Allah ya jiƙanta."

Ya miƙo mini ita da hannu biyu, bai ɗaga yatsansa ba sai da na ɗora nawa.