Karkataccen Dakalin Malam Ya'u

A tsohuwar unguwar da ke gangaren tudu a Jibiya, lungu bai san miƙewa ba. Daga titi ake gangarowa cikinsa, tsakanin katangun jar ƙasa da indararon da ke leƙen kan masu wucewa, har ya tsuke can ƙasa inda ko jaki da kaya ba ya ratsawa. Kafin a kai ƙofar gidan Hajo akwai wani dakali da ya fito a karkace ya cinye rabin hanya.

Shekara arba'in ke nan da mijinta, marigayi Malam Ya'u, ya gina shi, shekara arba'in kuma 'yan unguwa na rantsuwa laya ya binne a ƙarƙashinsa don tsarin gida. Hajo, wadda ta koyar a firamare har ta yi ritaya, ta gaji da faɗa musu cewa ita ta ɗebo ruwan kwaɓin, kuma ban da duwatsu ba abin da aka binne.

Ana nan sai autanta Badamasi, mai jigilar kaya tsakanin boda da Maraɗi, ya sayo mota. Ta gangaro tana ƙyalli, ta iso dakali, ta tsaya cak.

"Inna, wanga dakali fa tashi zai yi," in ji shi.

"Ina zai tahi?"

"Haba Inna, ke da kika yi boko, ki daina biye ma zancen laya."

Hajo ta zare tabarau ta dube shi. "Auta, ni ce mai biye ma laya? Fita ka dubi tudun can. Duk ruwan da ya sauka bisansa ta lungun ga yake biyowa. Dakalin ne ke kaɗe shi ya faɗa lambatu. In ka cire shi, gindin ɗakina ruwan zai riƙa duka."

"Sai a shafe gindin da siminti."

"Siminti bisa jar ƙasa? Wanne ka taɓa gani ya yi damina biyu bai ɓare ba?"

Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa tsofaffi.

Ta tafi bikin suna a Daddara, ta kwana biyu. Da ta dawo, babu dakali. Mota na kwance a ƙofar gida, gindin ɗakinta ya sha shafe, ragowar buhunan siminti shida na jibge a zaure, Ɗantala magini yana wanke cebur.

"Hajiya, mun tona har ƙasa ba mu ga layar ba," ya ce. "Ƙila ta narke."

Ta tsaya tana duban ɗakinta. A ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta bakwai, a nan akwatin littattafanta yake, ga hadari kullum sai ya haɗu ta gabas.

Ranar Laraba bayan la'asar aka tsuge. Ruwa ya gangaro ja wur, bai tarar da mai tare shi ba, ya yi kan katangar ɗakinta kai tsaye. Ba a jima ba shafen ya tsage, ya soma zubowa falle-falle. A ciki kuwa danshi ya fara hawa bango ta bayan gadonta.

"Auta! Fito da simintin nan!"

Badamasi ya fito a ruɗe, ya soma jera buhunan a jikin katanga.

"Ba nan ba! Can sama, inda ka rushe!" Ta yafa leda ta shiga ruwan, tana nuni da sandarta. "A karkace! Na ce maka a karkace, ba layin makaranta kake jerawa ba!"

Da ya aza na shida, ruwan ya daki buhunan, ya juya, ya faɗa lambatu kamar yadda ya saba tun kafin a haifi Badamasi.

Washegari ɗaki na tsaye, ko da yake gindinsa ya zaizaye kamu guda. Buhunan sun daskare sun zama dutse. 'Yan unguwa suka taru suna jinjina kai.

"Na faɗa," in ji Luba maƙwabciya. "Layar ce ta yi fushi. A yi sadakar waina."

"Luba, ruwa ne. Ruwa da gangare. Jiya da idonki kika gani!"

"To, wa ya turo ruwan, Malama?"

Hajo ta juya mata baya. Ta je ta zauna bisa buhunan.

Badamasi ya matso yana susar ƙeya, yana duban motarsa da ta rage a ƙasan buhunan, gaba ba hanya, baya ba hanya.

"Inna, motar fa? In kira Ɗantala ya fasa su?"

"Taɓa ka gani. Damina wata huɗu ce, babur ɗinka na nan. In an yi kaka ka fasa, ka fidda ta, ka maida mani dakalina."

Ɗantala ya gyara murya. "To Hajiya, in za a maida shi, wane malami zai rubuto layar?"

Hajo ta laluba sandarta, Ɗantala ya ja da baya.