Saiti na Huɗu

…to ai ba yau ta fara ba. Shekara shida tana hauro da na'urar nan ta hangen taurari rufin makaranta, matakala ashirin da biyu, ita ta kwance ta daga kwali ranar da aka kawo ta, har ɗalibai suka laƙaba mata Malama Zara — yau kuma ƙarfe zai raina mata hankali? Sau uku tun faɗuwar rana. Sau uku rimot ɗin yana rubuta mata saiti ya yi, ta danna masa duniyar nan mai zobe, bututun ya juya yana gurnani kamar tsohon injin markaɗe, ya tsaya cak, ta kafa ido a gilashin leƙe… wayam. Baƙi ƙirin. Gobe war haka kuwa 'yan aji shida za su yi layi a nan, da shugaban makaranta da tumbinsa, kowa yana son ganin zobe.

Na huɗu ke nan. A hankali, yadda take koya wa yara. Ƙafafun uku a buɗe daram. Ɗan kumfan awo a tsakiyar da'irarsa — yana tsakiya? Yana tsakiya, in ta ɗan karkata kai. Bakin bututu ya kalli arewa. Kwanan wata. Lokaci, har da daƙiƙa. Lambobin inda rufin nan yake a doron ƙasa, waɗanda ta haddace fiye da lambar wayarta. Kullum tana gaya wa yara, kada ku ga tsadarta, na'urar nan makauniya ce, sai ka kama hannunta ka nuna mata taurari biyu kafin ta san inda take.

Makauniya. Wa ya aike ta da wannan kalma da magaribar nan?

"Kama ni nan, ba nan ba, ke kullum sai kin ja ni kamar akuya…" Inna, mahaifiyarta, a ƙofar banɗaki, tafin hannunta sanyi ƙalau. Ita kuma tana 'yar shekara goma sha bakwai, takardar shiga jami'a a ƙarƙashin katifa, inda ta shekara uku har ta yi ja. Ai Inna ba rana ɗaya ta makance ba. Da allura aka fara — zura min zaren nan, ɗakin ne ba haske. Sai ranar da ta zuba mata ido ta ce, "Ina ganin kunnuwanki da ɗankwalinki, amma fuskar fa an shafe ta." Tana faɗa tana dariya. Dariya, wallahi!

A'a. Batir ne. Ko danshi, wata huɗu fa na'urar tana kulle a sito saboda gajimare. Ko wancan sakaran yaron da ya taɓa jingina da ita. Dalili ai ba ya ƙarewa.

Tauraruwa ta farko, jar nan ta yamma. Rimot ya kai bututun kusa, saura ita ta ƙarasa. Ta rufe idon hagu, ta manna na dama. Ga layukan nan biyu siraran da suka gitta juna a cikin gilashin, ga tauraruwar can gefe tana ƙyalli. Dama… dama… sama kaɗan. Tana tahowa, tana tahowa, saura ƙiris ta hau mahaɗar layukan — ɓat. Ta ɓace. To layin ne ya rufe ta mana. Haka ta ce a saiti na farko, haka ta ce a na biyu da na uku. Layin da bai kai silin gashi kauri ba, shi zai haɗiye tauraruwar da ta fi kowace haske a yamma? Bara yana rufe ta? Danna kawai, baiwar Allah. Ta danna.

Ta ja mayafi ta ƙara lulluɓa. Sanyi ne. Wane sanyi, ga gumi yana bin bayanta?

Akwatin 'yarta Auta yana tsakar falo, a buɗe, kwana tara ya rage. Sabon bokiti, kwaɗo biyu, zanin gado, takalmin da suka sha ciniki a kansa har mai shagon ya ce don Allah su ɗauka su tafi. Karatun injiniya, shekara biyar, tafiyar yini guda a mota. Tun rasuwar babansu su biyu suka rage a gidan, yayyenta maza kowa ya kama gabansa. Yarinyar nan kuwa ido gare ta kamar na shaho — "Mama, rubutunki ya fara hawa tudu." "Mama, shayin fa a tebur kike zubawa." Ta ce mata gajiya ce. Rajistar aji ma da layukanta suka riƙa lanƙwashewa, ba masu buga takardar ta zaga ba? Har ofis ta je ta yi ƙorafi, akawu yana kallonta, yana kallon takardar.

Tauraruwa ta biyu, fara, can sama ta gabas. Hagu… ƙasa… zo mana, zo. Wannan ma tana isa tsakiya ta nutse kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Ai dabara ce sananniya, ita da bakinta take koyar da ita: tauraruwa mai rauni ba a kallonta kai tsaye, gefenta ake kallo sai ta fito. Mai rauni fa aka ce. Mai rauni! Wannan da ko ɗan yaye zai nuna ta da yatsa?

Ta danna. Rimot ya yi ɗan kukansa. Saiti ya yi.

Duniya mai zobe. Bututun yana juyawa, yana juyawa… Ya Allah, ka sa na'urar ce. Ka sa wani haƙori ne ya karye a cikinta, ta biya da albashinta, ta sha kunya gobe a gaban shugaba da 'yan aji shida, su yi mata dariya har ƙarshen zango, ta yarda. Tsoro take ji. Tsoro irin wanda rabonta da shi tun daren da likita ya fito daga ɗakin babansu Auta yana cire safar hannu.

Ya tsaya. Ta leƙa. Ba komai. Layukan sun taho daga gefe huɗu, sun zo tsakiya sun narke cikin wani abu toka-toka, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Ta goge gilashin ai. Sau nawa za ta goge?

"Malama! Zan kulle ƙofar bene fa!"

Maigadi ne daga ƙasa. Gabanta ya faɗi, idon ya zame gefe bai bar gilashin ba — ga ta.

Ga ta nan. 'Yar ƙarama, rawaya-rawaya, da zobenta a karkace, zaune daram a kan mahaɗar layukan. A tsakiya. Tsakiyar tsakiya. Ta dube ta kai tsaye — babu. Ta kalli gefe — ga ta. Kai tsaye — babu. Innalillahi… Tun saiti na farko tana nan. Na'urar ba ta yi kuskure ko na silin gashi ba, sau huɗu tana kawo mata abin da ta tambaya tana ajiye mata a gaba, ita kuwa tana ta zagin batir. Laifi tudu ne.

Da ido biyu take yawo, shi ya sa. Na hagu yana ta rufa wa ɗan'uwansa asiri, a aji, a kasuwa, a kicin, sai yau da ta rufe shi da kanta.

To na hagun. Ba ta taɓa leƙe da shi ba, hancinta ma karo yake da bututun. Ta sa tafin hannu ta rufe na dama. Alhamdulillahi, ga ta tar, har da ɗan duhun da ke tsakanin zoben da jikinta. Lafiyarsa ƙalau. Lafiyarsa ƙa… layin tsayen nan fa? Can dab da tsakiya, me ya sa ya ɗan yi ciki, kamar zaren da ya jiƙe? A miƙe yake. Ita ta san a miƙe yake, a masana'anta aka zana shi.

Na Inna wata goma sha huɗu ne tsakani. Na dama da azumi, na hagu bayan wani ya zagayo ya wuce. Yanzu ai an ci gaba, ana allura a ido, ta taɓa karantawa — ko ba irin wannan ba ne? Asibiti dai. Wa zai raka ta? In aka ɗiga maganin nan na gwajin ido ba a gani sai yamma, dole a riƙo mutum zuwa gida. Auta za ta riƙo ta. Auta za ta ji abin da likita zai ce, ta dawo, ba za ta yi kuka ba, ta san halin kayarta — za ta durƙusa gaban akwatin nan ta fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, tana cewa shekara ɗaya ce kawai, Mama, jami'a ba guduwa za ta yi ba. Kalmar da ita ma ta faɗa wa Inna ke nan, ko wasali ba ta canza ba.

In kuma ta yi shiru kwana tara? Ta sa ta a mota, ta ɗaga mata hannu, ta dawo gidan da ba kowa, da risho, da wuƙa, da titin da take tsallakawa kullum da safe…

Waya tana ruri a aljihun jaka. Auta.

"Mama, ta saitu?"

"Ta saitu."

"To me kike yi har yanzu? Na kira maigadi, ya ce fitilar benen ta mutu. In zo in riƙo ki mu sauko?"

"Kada ki zo." Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so. "Ki gama shirya kayanki."

Ta kashe. Rufe gilashi, naɗe wayar rimot, na'urar ta kwana a ɗakin saman, gobe ma rana ce. Gobe yara za su leƙa su yi ihu, ga zobe, ga zobe, ita kuma ta tsaya a gefe tana murmushi… Bakin matakala. Duhu. Hannunta ya riga ya sami bango, ƙafarta tana laluben gefen ta farko, bakinta yana motsi — ɗaya. Goma sha ɗaya, a juya hagu, sai goma sha ɗaya. Haka Inna take yi, leɓe yana motsi, daga ɗaki zuwa banɗaki taku goma sha tara.

Ashirin da biyu. Shekara shida tana hawa benen nan a guje, ba ta taɓa sanin adadinsu ba.

Yaushe ta fara ƙirgawa?