Izinin Hawa Rufin Shago

Ezekiel ya ɗora ƙafa a kan tsani ke nan sai wata murya ta taso daga bayan katanga.

"Kai! Wa ya ce ka hau?"

Mudassir ya dafe kai. Ya san muryar. Hajiya Sabuwa ce, aminiyar mahaifiyarsa, wadda gidanta ke manne da shagonsa na buga takardu a Ƙofar Marusa. Ciniki ya ja baya tun da aka buɗe wasu shagunan a layin, shi ya sa ya sayar da babur ɗinsa ya sayo na'urar wayifai, wata farar aba kamar faranti. Nufinsa a kafa ta saman rufi, samarin unguwa su riƙa biya suna shiga intanet. Ezekiel ne mai haɗawa, ɗan Filato da ya daɗe a Katsina.

Hajiya ta fito tana gyara mayafi. Mudassir ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da jikin tsohuwa da zafin gari, sannan ta juya ga tsanin.

"Wannan bawan Allah in ya hau, har tukunyar miyata zai gani. Ba a sanar da mata su kintsa? Mi ma za a kafa?"

Ya yi mata bayani. Fuskarta ta saki.

"Wanda ake ganin mutum a waya? 'Yata Zulaihat tana Abuja, kullum data ta ƙare mini muna tsakar hira. Ya hau. Amma ka sa mini a wayata."

Mudassir ya ce to. Tsohuwa ɗaya ai ba za ta karya shi ba.

"Saura gidajen baya," in ji ta. "Kai ba ka shiga, ni zan shigar maka."

Haka ya bi ta lungu-lungu yana tsayawa a zaure. Gidan farko ta jima, ya ji shewa daga ciki. Ta fito tana murmushi.

"Sun yarda. Na ce masu maƙwabta kyauta ne."

"Hajiya, kyauta kuma?"

"To a leƙa masu gida kuma su biya? Taho."

A gida na gaba suka tarar da Malam Ɗanliti, tsohon ma'aikacin gidan waya, yana kishingiɗe a tabarma.

"Wannan abu yana jin maganar mutane?"

"A'a, Malam."

"Yana gani?"

"Ba ya gani."

"To ni ba ni da buƙata. Amma yarana suna so."

'Ya'yan Malam Ɗanliti, waɗancan ƙattin da ke kwana kallon ƙwallo a waya, su ne masu biyan da Mudassir ya fara sa wa rai ranar da ya miƙa makullin babur.

Sai bayan la'asar suka gama zagaye. Da ya dawo, bencin ƙofar shago ya cika. Samari, 'yan mata, har da mai sayar da fura, kowa riƙe da waya yana jira, na'urar kuwa ko kafa ta ba a yi ba. Wani ya tashi ya yi masa addu'ar Allah ya ƙara arziki, sauran suka amsa da amin mai ƙarfi.

Ezekiel ya ja shi gefe yana share hannu, da fara'arsa.

"Oga, albishirinka. Da kuka tafi na sake gwadawa. Ba sai mun je rufi ba. Nan jikin bango ya isa, daga kan kujera ma zan ɗaure ta."

Mudassir ya dubi bangon. Ya dubi bencin. Can a ƙofar gida Hajiya Sabuwa tana goge gilashin wayarta da bakin mayafi.

"Ezekiel," ya ce a hankali, "don Allah ka hau."

"Na ce ba buƙata, Oga."

"Na ji. Ka hau dai. Ko ba ka taɓa komai ba, ka ɗan jima a can."