Rubutun da ke Bayan Kibiyoyin Orval

Duk wanda ya yi noma a kwarin nan namu na kudancin Missouri ya taɓa tsintar kan kibiya na dutse, irin wanda mutanen farko suka sassaƙa tun ba a san da zuwan kakanninmu ba. Yawancinmu mukan jefa a gwangwanin kofi mu manta. Orval Tackett ne kaɗai ya ɗora wa kansa abin. Shekara hamsin da ɗoriya, da zarar an yi huɗa ruwa ya sauka a kai, za ka hango shi a tsakiyar gonar wani, kai a sunkuye, kamar wanda ya yar da makulli.

Kuma ba tsinta kawai yake yi ba. Kowane dutse sai ya wanke shi, ya juya bayansa, ya rubuta sunan gonar da shekarar da baƙar tawada, ƙananan haruffa kamar sawun tururuwa. In ya bushe sai ya shafe rubutun da man farce marar launi don kada ya goge. Man farcen na matarsa Wilma ne, kuma har suka tsufa bai taɓa sayen nasa ba.

"Ka rubuta a littafi mana, ka bar mini kayana," in ji ta.

"Littafi ɓacewa yake yi, tsohuwa. Dutsen da ba a san inda ya fito ba kuwa tsakuwa ce."

Laifin abin da ya biyo baya na Wilma ne, kuma ƙauna ce ta sa ta. Shekarar da Orval ya faɗo daga tarakta ya karye a ƙugu, mako uku yana asibiti. Ita kuma ta gaji da ganin duwatsun a akwatunan sigari ƙarƙashin gado. Ta zaɓi ɗari biyu mafi kyau, ta shimfiɗa jan karammiski a kan allo, ta jera su siffar mikiya mai buɗaɗɗun fukafukai, ta manne kowanne da gam mai ƙarfi, ta sa aka yi musu gilashi. Gefen mai kyau ta bari a waje, kamar yadda kowace mace mai ido za ta yi. Gefen rubutun ya tafi cikin gam.

Ranar da aka sallamo shi ya daɗe tsaye da sanda a gaban allon. Wilma ta matso kusa da shi.

"Bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi kyau," ya ce. Ya buga goshinsa da yatsa. "Ba komai. Duk suna nan."

Gaskiya ya faɗa. Shekara talatin, in baƙo ya nuna ɗaya ta cikin gilashi, Orval zai faɗa masa gonar, da shekarar, har da irin ruwan da aka yi ranar. Sai mantuwa ta shigo masa. Ta fara da sunayen maƙwabta, ta ci hanyar coci, ta zo kan ɗansu Dwight. Yanzu rabin yini ba ya sanin Wilma. Dwight ya zo daga Texas ya sayar da gonar, masu saye suka ce ƙarshen wata suna son gidan, aka samar wa Orval ɗaki a gidan kula da tsofaffi, ɗakin da ko kujera biyu ba zai ɗauka ba. Abu ɗaya Wilma take so: kibiyoyin su shiga ƙaramin gidan tarihin garinmu, a rubuta sunan Orval Tackett a ƙasansu, kada su watse a hannun 'yan gwanjo.

Mai kula da gidan tarihin, Renita Oglesby, ta zo ranar Laraba. Wilma ta koyar da ita a makarantar Lahadi tun tana da giɓin yarinta, don haka ba a yi wani dogon gaisuwa ba. Renita ta tsaya gaban mikiyar ta dafe ƙirji, sannan ta matsa ta leƙa gefen gilashin.

"Mama Wilma, gam ne wannan?"

"To da me za a manne su, da miyau?"

"Ba a manne su ai. Auduga ake shimfiɗawa mai kauri, a jera su a kai, gilashi ya danne su. Ba gam, ba waya. Ranar da kika so sai ki ɗaga ki juya."

"Ina kike shekara talatin da suka wuce?"

"Ina aji uku." Renita ta yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. "Zan faɗa miki gaskiya. Muna da bokiti huɗu na irin waɗannan a sito, ba wanda ya san daga ina suka fito, ba mu da abin yi da su. Abin da ya sa na Baba Orval suka fi na kowa shi ne rubutun. Gonakin nan duk an baje su da injin, tuddan da yake tsinta sun zama filin waken suya. In rubutun na nan, hukumarmu za ta karɓa da hannu biyu. In babu, ba za su yarda ba, ko na yi kuka."

"Yana nan. Da idona na ga yana rubutawa."

"To kada ki taɓa. Akwai wani masani a jami'a da ya iya cire gam, zan roƙe shi. Sai dai ba zai samu zuwa ba kafin bazara."

Bazara saura wata biyar, ƙarshen wata kuma saura kwana tara. Renita ta ce a kai allon sitonsu ya jira, amma Wilma ta san halin sito: abin da ya shiga babu takarda, sai dai jikoki su ji labari. Tana so ta ga sunan a bango Orval yana da rai, ko da ba zai iya karantawa ba.

Washegari da hantsi ta kwantar da allon a teburin kicin ta cire gilashin. Ta fara da wuƙar man shanu. Kibiya ta farko, wata fara mai siririn baki daga jelar mikiya, ta yi ƙas, ta rabu biyu. Wilma ta ajiye wuƙar. Ta gwada ruwan ɗumi, gam ya ƙi ko motsi. Sai ta tuna da ruwan goge farce, wanda ke cire mata gam a yatsu. Ta ɗiga a kan wata ƙarama daga ƙarshen fiffike, ta jira. Kibiyar ta ɗago salin-alin, ko ƙwarzane babu. Ta juya bayanta, babu rubutu.

A nan ya kamata ta tsaya. Amma mai neman mafita yakan ba kansa amsar da yake so. Ta ce ai wannan cikin na yarintarsa ne, waɗanda ya tsinta kafin ya fara rubutu. Ta tuƙa mota zuwa kanti ta sayo kwalba shida, ta buɗe tagogi, ta bi mikiyar tun daga baki har jela tana tsiyayawa har karammiskin ya jiƙe sharkaf.

Tana cikin jira ta hango kujerar barandar da ta zaunar da Orval babu kowa. Orval ya sauka, yana can bakin titi da silifas, kai a sunkuye, yana duba kwalta. Kafin ta lallaɓo shi ta dawo da shi, ta zaunar, ta ba shi ruwa, an yi kusan awa.

Duwatsun duk sun saki. Ta ɗaga ta farko, bayanta fes. Ta biyu, fes. A inda kowacce ta tashi akwai ɗan tabo baƙi-baƙi da ya bazu cikin jan ƙyalle. Sai a lokacin warin ya faɗa mata abin da ta sani tun tana budurwa: abin da aka yi don ya cire man farce, man farce zai cire. Man farcenta ne a kan rubutun, ita ce ta yi shekara hamsin tana faɗa a kansa. Ta juya ɗari biyun ɗaya bayan ɗaya. A kan guda uku ta ga saura, rabin harafi, da wata lamba bakwai. Baƙin ciki ya danne ta har ta kasa kuka, ta zauna tana kallon hannayenta.

Abu ɗaya ya rage mata, ita ma ta san ba abin dogaro ba ne. Ta ɗauki wadda ya fi so, doguwa mai ruwan zuma, wadda ta zama bakin mikiya, ta fita baranda ta sa masa a tafin hannu.

Hannun bai manta ba. Babban yatsansa ya bi bakin dutsen a hankali, ya ɗaga shi ga haske, fuskarsa ta washe yadda ba ta yi ba tun bara.

"Kai, wannan aiki ne," ya ce. "Dubi yadda ya fere gefen."

"Orval, a ina aka same ta? Gonar wa? Ka tuna mini."

Ya juya bayan dutsen, kamar yadda ya saba. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta, ya goga da yatsa. Hasken fuskarsa ya ɗauke.

"Baiwar Allah, wa ya ba ki wannan?"

"Wani mutum ne. Ya daɗe yana tarawa."

"To bai san abin da yake yi ba. Ko suna bai rubuta ba." Ya girgiza kai, ya miƙa mata cikin ladabi irin na baƙo. "Ki yi haƙuri, tsakuwa ce. Ki zuba a hanyar mota."

Wilma ta karɓa. Ta ce masa to, ta gyara masa bargon da ke gwiwarsa, ta koma kicin neman gwangwanin kofi.